Yadda Na Kai Surukina Izom

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki surukina a bayan mashin zuwa Izom ba. Ko da na yi niyyar mantawa, dangin matata ba za su bari ba. Duk inda aka taru, suna ne ko biki, sai wani ya tono zancen, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina, yadda abin ya faru.

Ni mutumin Funtuwa ne. Aiki ya kawo ni Abuja, tsadar haya ta koro ni Suleja, na kama ciki biyu da falo a Kurmin Sarki. Aikina a ofis shi ne ajiye fayil da nemo fayil, wani lokaci kuma da rantsuwa cewa ban ga fayil ba. Kafin labarin nan, ƙarfe mafi nauyi da na taɓa sarrafawa shi ne abin huda takarda.

A nan na auri Suwaiba, 'yar Malam Adamu na unguwar Hashimi, wanda aka fi sani da Baba Malamin Gona. Dogon dattijo ne siriri, ba ya magana sai ta zama dole. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, amma in aka tattara duk abin da na taɓa faɗa masa ba zai cika bayan ambulan ba: ina kwana, ya ƙarfin jiki, a huta lafiya. In ina da wata magana da shi, Suwaiba nake aikawa, ta dawo mini da amsa.

Mashin ɗin nasa ne. Na gan shi wata rana da muka je gaisuwa, a jingine bayan ɗakin ajiya, an rufa masa tsohon kwano, kaji sun tare a kansa. Irin tsofaffin nan ne da ake kira mai salansa biyu. Baba ya saye shi tun yana sabon ma'aikaci, kuma da shi ya zagaye ƙauyukan Gurara yana koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki. Mashin ɗin ya fi shekara ashirin bai motsa ba. Tayoyi sun zauna, ɓeraye sun cinye sit, tanki ya yi tsatsa har ya koma kalar ƙasa.

To a lokacin na kamu da wata cuta. Duk mai zuwa aiki Abuja daga Suleja ya san zaman da ake yi a cunkoson hanya, kuma kowa da abin da yake kashe lokaci da shi. Ni bidiyon gyaran tsofaffin babura nake kallo a waya. Mutum zai ɗauko mushen mashin daga juji, ya kwance, ya wanke, ya ɗaure, cikin minti goma sha biyu ya hau ya tafi, ko gumi bai yi ba. Na kalla, na kalla, sai na wayi gari ina jin ni bakanike ne wanda aikin gwamnati ya ɓata wa lokaci.

Na aiki Suwaiba ta roƙar mini. Ta dawo ta ce, "Ya ce ka ɗauka. Wai kaji ne kawai za su yi kewarsa."

A amalanke aka kawo shi. Na fara aikin a tsakar gida ranakun Asabar da Lahadi. Da damina ta kankama sai na shigo da shi falo, na tura kujeru gefe, na kwance shi kaf har ƙaramin noti. Da yake ba ni da abin jiƙa ƙarafa a fetur, sai na riƙa aron kwanukan Suwaiba (irin aron da ba a sanar da mai kaya). Wata Lahadi ta fito daga kicin riƙe da tukunya, ta tsaya a kaina.

"Baban Hanifa, wannan abin da ke cikin tukunyar miyata, dafawa za a yi ko soyawa?"

"Kafireta ce," na ce mata, cikin muryar mai ilimi.

"To ka gaya mata ta fita. Kuka zan kaɗa."

Maƙwabcinmu a gidan hayar, Oga Sande, mutumin kudu ne mai sayar da kayan babur a bakin titi. Ya fi ni daɗewa a Suleja, Hausarsa kuma ta kai shi ko'ina, sai dai ba ruwanta da mace ko namiji. Shi ya nemo mini fulogi da sarƙa da tayoyi, har da wasu kayan da ya ce sai da ya aika Anaca aka tono su a ƙasan shago. Kullum sai ya leƙo falon ya ce in bari ya taimaka, ni kuwa in ce ya bari, abin na hannu ne.

Wata huɗu na ɗauka kafin in mayar da komai inda nake zaton nan ne wurinsa. Na fito da shi tsakar gida, na zuba mai, na fara buga kik. Na buga Asabar, na buga Lahadi, na ɗauki hutun kwana ɗaya a ofis na buga Litinin. Ko tari bai yi ba. Da la'asar Oga Sande ya shigo, ya tsaya ya kalle ni, ya sunkuya ya murɗa wani ɗan abu a ƙarƙashin tanki.

"Mai ba ta zuwa, Oga. Ka rufe famfo."

Bugu ɗaya ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, matan haya suka fito da gudu suna kwashe shanya, ni kuwa na tsaya ina karɓar barka.

Da a nan na tsaya, da yau ina da mutunci a Hashimi. Amma a bidiyon ba a tsayawa a gyara, sai an yi wa mashin kwalliyar zamani. Asalinsa ja ne. Na sa aka fesa masa baƙi, da zanen ruwan zinari a gefen tanki. Na cire kariyar baya da ake ɗaura kaya, don ta sa shi kama da na mai kai burodi. Na rage tsawon sit, baduku ya lulluɓe shi da fata mai ruwan ƙasa. Na sauke kan mashin ƙasa, yadda in na hau sai ka ce mai ruku'u. Salansar nan biyu na kai wa mai walda ya zare abin da ke cikinsu, ya lanƙwaso bakinsu sama. Daga ranar in na tayar da shi a Kurmin Sarki, jariran unguwa ne suke amsawa. Madubai kuwa na kwance su gaba ɗaya, sun yi mini kama da kunnuwan jaki.

Oga Sande ya zagaya shi ya ce, "Oga, madubi fa? Ina ta tafi?"

"Mai irin wannan mashin gaba yake kallo," na ce.

Ya ɗaga kafaɗa. "Na your machine," ya ce, wato ai mashinka ne.

Na kuma sayi hular kwano baƙa mai rufe kai ruf har haɓa, wadda in ka sa ta, ko ganga ake kaɗawa a bayanka sai dai a ba ka labari.

Ranar da na kai wa Baba ya gani, ya fito ƙofar gida ya zagaya shi sau biyu a hankali. Ya shafa tankin ya ce, "Ja ne da." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce in tayar. Na tayar, tantabarun maƙwabta suka watse, shi kuwa ya rufe ido yana saurare, ya daɗe a haka. Da na kashe sai ya ce, "Muryar ta buɗe da yawa. Amma shi ne."

Daga nan ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Ya ce ranar Asabar za a ɗaura auren Zainabu, 'yar ƙaninsa marigayi, a Izom, kuma shi ne waliyyi. A Izom aka fara ajiye shi aiki, a kan mashin ɗin nan kuma ya fara shiga garin, da akwatinsa ɗaure a baya. Yanzu ido ba ya ba shi damar tuƙi. "In ba takura, ka kai ni a kansa. Ina so in ƙara shiga garin nan da shi sau ɗaya."

Yaya Nuhu, wan Suwaiba, yana da mota, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kawo zancen shekaru, ya kawo zancen tankokin mai da ke hanyar, ya kawo zancena (a gabana). Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce in zo ƙarfe goma. A gida kuma Suwaiba ta zaunar da ni ta ce, "Baban Hanifa, ubana ne fa, shi kaɗai ya rage mini. Ka tuna ba buhun masara ka ɗauko ba." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Asabar Yaya Nuhu ya yi gaba tun da safe da mata da goro. Ni na isa Hashimi ƙarfe goma daidai, cikin farar shadda da baƙar hular kwano, sai ka ce ɗan sama-jannatin da aka gayyata walima. Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Sallah, ruwan madara, mai aikin hannu. Na miƙa masa hular kwanon aro, ya dube ta, ya gyara zaman tasa hular. Ya tattare riga ya hau. Da yake suruki ne, ba zai riƙe ƙuguna ba. Da yake kuma na cire kariya, sai ya kama gefen sit da yatsu. Ya yi bisimilla, muka tashi.

Lafiya lau muka fita gari. Mutane na juyowa suna kallo, wasu don sha'awa, wasu don su ga abin da ya fashe. Muka wuce Maje, muka ratsa ta gefen tankokin da ke jere a bakin hanya, ina tafiya a hankali. Can gaba sai muka tarar da garken shanu suna tsallaka titi, motoci sun tsaya, ni ma na tsaya. A nan ya kamata in faɗi wani ƙaramin aibi da gyarana ya bari: mashin ɗin ba ya zama a silo, in ka saki hannu sai ya mutu. Don haka duk tsawon tsayuwar ina ta ba shi wuta, fam-fam-fam, har shanun suka ƙara sauri.

Saniyar ƙarshe na wucewa sai na ji an taɓa kafaɗata sau biyu. Duk wanda ya taɓa hawa acaɓa a ƙasar nan ya san ma'anar wannan: mu je. Na sa giya, na saki kuloci, na ba shi wuta.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda mashin ɗin ya saki jiki. Tun daga Suleja yake ɗan nishi a hawa, amma yanzu ina taɓa shi yana tashi. Na ce a raina, ai dama inji sai ya yi zafi yake nuna kansa. Na tuna wahalar da na sha a kan kafireta, na yi wa kaina jinjina a cikin hula.

Daɗin da nake ji ne ya ba ni ƙarfin hali. Ga ni ga surukina, ba mai jin mu, kuma ba na ganin idonsa. Na ce in ban yi magana yau ba, ba zan ƙara samun irin wannan damar ba. Na ɗaga gilashin hular, na ɗaga murya.

"Baba!"

Shiru. Na san halinsa, don haka na ci gaba.

Na ce masa tun da na rasa mahaifina ban sami wanda nake gani uba ba sai shi. Na ce shirun da nake yi a gabansa ba girman kai ba ne, kwarjini yake yi mini. Na gode masa da ya ba ni Suwaiba a lokacin da ba ni da komai sai takardar ɗaukar aiki da katifa. Sannan na shiga babbar maganar da ta daɗe tana cin raina: da aka haifa mana namiji, kowa ya zaci sunan Baba zan sa, sai na sa masa sunan daraktanmu na ofis (wanda aka yi wa canjin wurin aiki bayan wata biyu, ko rigar jariri bai aiko ba). Na ce, "Baba, kuskure ne, ku yafe mini. In Allah ya ƙara kawo namiji, Adamu ne. In mace ce, Adama."

Shiru. Na ce, ka ji dattako. Wani da tuni ya katse ni, amma shi ya bar ni in sauke abin da ke cikina. Har ƙwalla na yi, ta gangaro cikin hula, ba halin sharewa.

Ana cikin haka sai ga wani mai acaɓa ya biyo ni a guje, ya jero da ni, yana ɗaga hannu yana buɗe baki. Na san irinsu: sun ga tsohon mashin, suna so su gwada shi. Da ni kaɗai ne da na ƙyale shi, amma a gaban mai mashin ba zan bari a wuce mu ba. Na ce, "Baba, ku riƙe da kyau!" Na sauke gilashi, na kwanta a kan tanki, na murɗe hannu har ƙarshe. Wayata ma tana ta rawa a aljihu, amma wanda ya ɗauko dattijo ba ya amsa waya a kan hanya. Ni mai kiyaye doka ne.

Sha ɗaya saura muka shiga Izom (haka na ɗauka a lokacin, shi ya sa na ce muka). An shimfiɗa tabarmi a gaban masallacin unguwa, an kafa rumfa, ga dangin ango daga Minna cikin manyan riguna, ga liman, ga mutanen gari. Kusan kowa a tsaye yake, kuma duk hanya suke kallo. Na ce lallai labarin mashin ya riga mu isowa. Na shiga tsakiyar fili, na ba shi wuta sau biyu don girmama jama'a, sannan na kashe.

Duk idanu suka koma kan mashin ɗin.

Na kafa ƙafafu a ƙasa, na karkata mashin ɗin hagu kaɗan yadda dattijo zai ji daɗin sauka, na ɗaga gilashi na ce, da murya yadda kowa zai shaida ladabina, "Baba, a sauka a hankali, salansa da zafi."

Na jira. Yaya Nuhu ya tako daga cikin mutane, waya a hannunsa, ya tsaya a gabana. Fuskarsa ba fushi, ba dariya.

"Malam," ya ce, "ina Baba?"

Ko juyawa ban yi ba. Na nuna baya da babban yatsa na ce, "Ga shi nan."

Liman, Allah ya saka masa da alheri, sai da ya leƙa bayana don ya ba ni haƙƙina. Sannan na juya. Fatar sit ɗin nan tana ta sheƙi a rana, ba kowa a kanta. Na duba ɗaya gefen. Na duba ƙasa. Har tsakanin taya da salansa sai da na leƙa, kuma har gobe ban san abin da nake tsammanin gani a wurin ba.

Sai na tuna gudun da na yi, na tuna yatsun da ke riƙe da gefen sit.  Na fara salati, ina laluben kik da ƙafa ina kuskurewa, ina cewa a taimaka a bi hanya, a duba kwalbati. Yaya Nuhu ya bar ni a haka gwargwadon abin da yake ganin na cancanta, sannan ya ce, "Sauko. Lafiyarsa ƙalau, ya kira tun ɗazu. Inda shanu suka tsallaka ka bar shi. Ya sami mota, kuma ya ce kada a turo ka."

Ga abin da ya faru. Salansar hagu, wadda na sa aka lanƙwaso sama, tun daga Maje take gasa gefen babbar rigar Baba. Ya ji ƙauri, ya yi magana, ba wanda ya ji. Da muka tsaya wa shanu sai ya sauka don ya kakkaɓe rigar, ya taɓa kafaɗata sau biyu, ma'ana in dakata. Yana tsaye a titi, riga na hayaƙi, ya ga mashin ɗinsa ya nufi Izom. Sai ya tare mai acaɓa ya ce ya cim mini ya dawo da ni, tunda ba zan yi nisa ba.

Mai acaɓan ya iso jim kaɗan bayana, ya cika aikinsa a gaban dangin ango. "Wallahi Alhaji na yi iya yina," ya ce wa Yaya Nuhu. "Ina cewa ka bar tsoho, ka bar tsoho, shi kuwa surutu yake ta yi shi kaɗai, har da dukan ƙirji. Da na matso sai ya kwanta a kan tanki." Wani daga cikin mutanen Minna ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

An jira Baba kusan rabin awa. Ban san inda zan sa kaina ba, don haka na bar shi a cikin hula. Na tsaya cikin rana, gumi na bin wuyana, har wani dattijo daga dangin ango ya tausaya ya ce, "Ɗana, cire kwanon nan ka sha iska, ai an riga an gane ka." Labari ya shiga cikin gida wurin mata, na sani ne domin na ji wata irin shewa da ba ta biki ba. Sai ga saƙo a wayata daga Suwaiba, a ƙarƙashin jerin kiran da ban amsa ba. Kalma uku ne: "Sannu da zuwa."

A cikin akori-kura Baba ya iso, an yi mata lodin buhunan taki da awaki biyu a sama. Direban wani manomi ne ɗan yankin, ya gane shi a bakin hanya, domin Baba ne ya koya wa mahaifinsa noman rani. Ya zagayo da sauri ya buɗe masa ƙofa. Baba ya sauko a natse, ya gyara hula. A gefen hagu na babbar rigar akwai ƙuna, baƙa, faɗin faifai. Bai ɓoye ta ba. Ya gaisa da liman, ya ba dangin ango haƙurin jira, ya ce hanya ce. Ko inda nake bai kalla ba.

Aka zauna. Wakilin ango ya nema, Baba ya bayar, aka yi fatiha, aka raba goro. Na fara tunanin ko na tsira. Sai Baba ya dubi wakilin ango ya ce, da muryarsa ta kullum, "Yarinyar nan marainiya ce, amana muka ba ku. Ku riƙa waiwayawa lokaci-lokaci kuna duba ko tana nan."

Liman ya kama tari. Tarin ya yaɗu har bayan rumfa.

Da jama'a suka fara watsewa sai ya tako inda nake. Na zube ƙasa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku yafe mini."

"Tashi, za ka ɓata shadda." Ya dubi mashin ɗin. "Shekara da shekaru ina hawansa, ban taɓa ganinsa ta baya yana tafiya ba sai yau. Ka gyara bayan da kyau."

Na rasa ko godiya ake yi a irin wannan wuri. Sai ya cire babbar rigar, ya ninke, ya miƙa wa Yaya Nuhu, ya ce a kai shi bakin gari a mota, ni kuma in biyo su da mashin. Yaya Nuhu ya buɗe baki, Baba ya dube shi, ya rufe. A bakin gari ya sauka daga mota ya hau bayana, daga shi sai 'yar ciki da hula. Hular kwano ya ce in ba Nuhu ajiya. Wannan karon bai nemi gefen sit ba. Ya damƙi bayan rigata ya naɗe a hannunsa, irin riƙon da ake yi wa ɓarawon da aka kama a kasuwa.

Haka muka shiga Izom, a giya ɗaya, a hankali yadda har ana jin magana, Yaya Nuhu na biye da mu. Baba yana nuna mini inda ofishin gona yake da, da gidan da ya fara haya. Wasu tsofaffi a bakin shago suka miƙe suna ɗaga hannu suna kiran, "Malamin Gona!" Na ji riƙon rigar ya ɗan sassauta, yana amsa musu da ɗaya hannun. Ni dai duk bayan ɗan lokaci sai in ce, "Baba, kuna nan?" Shi kuma ya ce, "Ina nan."

Wajen karo na biyar sai ya ce, "Mai acaɓa ya ce kana ta magana a hanya. Da wa?"

"Da ku, Baba."

"Me ka ce?"

Ga shi a bayana, ga kunnensa, ga hannunsa a rigata. Duk jawabin yana nan a kaina, har da wurin ƙwallar. Na buɗe baki.

"Cewa na yi hanya ta lalace."

 "Ta lalace kam," ya ce.

Tun daga ranar sunana a dangin Suwaiba ya koma Ga-shi-nan. Waɗanda suke girmama ni sukan ce Malam Ga-shi-nan. Rigar kuwa Baba ya hana a kai wa tela, da ita yake zuwa duk taron da ya san zan je. Mashin yana nan, ina hawansa ranar Lahadi, sai dai har yau ban sami wanda ya yarda in rage masa hanya ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. In kana zuba magana mai daɗi, ka ji wanda kake yi wa ya yi tsit, bai katse ka ba ko sau ɗaya, kada ka yi saurin cewa maganarka ce ta ratsa shi. Ka fara tabbatarwa yana wurin.